Yadda Munzali Ya Kayar da Tirela a Tsakar Gidansa

A duk faɗin Daura, in ka sami wanda ya ce maka ya taɓa jin "ban iya ba" daga bakin Munzali mai faci, to ka riƙe shi da kyau, maƙaryaci ne. Munzali babura yake yi wa faci a gindin wata darbejiya da ke bakin hanyar Kongolam, tsallaken garejin tireloli. Kayan aikinsa ba su wuce famfo da bahon ruwan da ya yi baƙi ƙirin da ƙarfen ɓanɓare taya ba. Amma in ka zauna ka ji shi yana bayani, sai ka rantse shi ya koya wa Turawa ƙera inji. Abin da ya jawo wannan ji-da-kai kuwa, sau ɗaya ya taɓa bin tirelar shanu zuwa Kurmi, a can saman katako, yana tafe yana amai. Tun da ya dawo ya raɗa wa kansa Injiniya, kuma duk wanda ya kira shi Munzali gatsal, sai ya yini yana jiran a sa masa iska.

Darbejiyar tasa ma suna ce kawai. Masu gyaran wayar lantarki sun sassare ta, inuwarta ba ta wuce faifai ba, kullum yana jan bencinsa yana bin ta zagaye. A cikin garejin kuwa akwai wata rumfar kwano mai faɗi, har da ramin shiga ƙarƙashin mota, wadda tsohon makanikenta ya bari ya koma Sandamu ya rungumi noma. Rumfar nan ce Munzali ke kwana da ita yake tashi da ita. Yana son inuwar, kuma ya fi son a ce da shi makaniken tirela. Sai dai rumfar ba ta shiguwa sai da yardar Alhaji Kalilu, shugaban masu tireloli na garejin.

Alhaji Kalilu dattijo ne da ya tsufa a kan sitiyari. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, mutum da murya yake gane shi, abu kuwa da lalube. Motarsa ta farko wata jar tirela ce da aka rubuta wa "Sannu Ba Ta Hana Zuwa" a goshi, direbobi suna ce mata Sannu-Sannu. Da ita ya yi aure, da ita ya gina gida, da ita ya je Makka. Ƙarshenta birki ya tsinke masa a wata gangara a hanyar Kurmi, ta afka rami da shanu a ciki, ta kama da wuta. Allah ya yi da sauran shan ruwansa, ya fito ta taga da ɗingishin da har yau bai rabu da shi ba. Kowa a garejin ya san wannan labari, kuma kowa ya san ba a tayar da shi a gabansa.

Ana nan sai ɗansa Suhaibu, wanda ke tuƙin manyan motoci a wata ƙasar Turai, ya aiko masa da wani kwali. A jikin kwalin hoton jar tirela ce irin Sannu-Sannu sak, har da salansar hayaƙi biyu a tsaye bayan kai. Suhaibu ya faɗa ta waya cewa ya daɗe yana nemanta. Ya ce ta roba ce, in an haɗa ba za ta wuce tsawon hannu ba, amma duk abin da ke jikin ta gaske yana jikinta, kuma a can manyan mutane da gemunsu ne suke zama su haɗa irinta. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce abu ɗaya yake so kafin ya mutu, ya riƙe Sannu-Sannu a hannunsa kamar ranar da ya sayo ta.

Aka buɗe kwali a majalisar direbobi, sai aka nemi mota aka rasa. Wasu firam-firam ne na roba, ƙananan abubuwa a manne a jikinsu jere kamar ƙayar kifi, sai 'yar kwalbar gam da littafi mai zane-zane. Wani direba ya ce an taka ta a hanya. Chiemeka mai sayar da kayan mota, haifaffen Daura da Hausarsa ta fi ta wasu da dama, ya jujjuya firam ɗin ya ce haka ake yin ta. Ya nuna musu cewa kowane ɗan yanki yana da lambarsa a jikin firam, littafin kuma yana nuna wanda ke bin wani. Ya ce aikin mai haƙuri ne, shi kam ba shi da idon kuma ba shi da haƙurin.

Munzali, da ke can tsallake yana baza kunne, ya bar wani mai babur da taya a kwance ya ƙetaro.

"Wannan ce ta tsayar da manyan direbobi?" in ji shi. "Ranka ya daɗe, ni da na taɓa kwance inji a tsakiyar daji da sifana ɗaya, ruwa na dukana, wannan ai abin yi ne tsakanin la'asar da magariba."

Chiemeka ya ce, "Injin markaɗe ne ko na ban-ruwa, Oga Munzali?"

"Emeka, kai sayarwa ka sani. Mu muke ɗaurawa."

Alhaji Kalilu ya juya fuskarsa wajen da muryar ke fitowa, ya ce, "Na ji ana cewa kana son rumfar can. In ka haɗa mini ita, na shafa na ji Sannu-Sannu ce, rumfa taka ce. Suhaibu na tafe. Ranar da za mu yi masa barka da zuwa a nan gareji nake son ta."

Abin nema ya samu. Munzali ya rungumi kwali ya nufi gida, a hanya duk wanda ya gamu da shi sai ya tsayar da shi ya shaida masa cewa an ba shi kwangilar haɗa tirela. Bai dai faɗi girmanta ba.

Aikin farko da ya yi shi ne rabuwa da littafin. Ya gaya wa matarsa Zaituna cewa tun da yake bai taɓa ganin makanike a Daura ya buɗe littafi kafin ya buɗe inji ba, kuma ba a kansa za a fara wannan abin kunya ba. Ya miƙa shi kyauta ga Iya Kande, tsohuwar da ke toya ƙosai a ƙofar gidansu. Washegari rabin unguwa da shafukansa suka karya kumallo.

Daga nan ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jawo faifai, ya shiga murɗe 'yan yankunan daga jikin firam yana zubawa, kamar mai ɓarar gyaɗa. Zaituna tana tankaɗe tana kallonsa ta gefen ido. Ta ce ita fa ta ji an ce lambobin a jikin waɗancan sandunan suke, in ya raba su yaya zai gane wanne ne wanne. Ya ce da ita mace ba ta san mota ba, shi ko a cikin duhu aka miƙo masa ƙarfe ya san sunan ubansa. Don ya nuna mata magana ta ƙare, ya tattara firam ɗin ya cusa a murhu. Baƙin hayaƙin da ya tashi sai da ya sa maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko lafiya.

Yana cikin ba su amsa, kazar Zaituna, wata wake-wake mai ƙwai a ciki, ta zo ta duba faifai ta ga abin da ya yi mata. Ta tsallake tayoyi da ƙofofi, ta zaɓi sitiyari, wanda bai wuce maɓallin riga ba, ta haɗiye a kan idonsa. Munzali ya zabura ya rarumo wuƙa. Zaituna ta ajiye rariya ta sha gabansa, ta ce kazar nan tata ce, ba ta cikin sadaki, kuma duk wanda ya taɓa ta zai ga abin da ya fi hayaƙi.

"To yaya kike so a tuƙa mota ba sitiyari?"

"Ka jira shi ta ɗaya ƙofar, Injiniya."

Haka kuwa aka yi. Aka wayi gari babban injiniya yana bin kaza lungu-lungu da tsinke a hannu, duk inda ta tsuguna ya tsuguna. Matan maƙwabta suka samu abin kallo. Kazar kuwa, da ta ga an sa mata ido, sai ta koma yin harkarta a gidan wasu.

Da ya gaji ya ce a bar sitiyari, a kama inji. Duk makaniken kirki, kafin ya ɗaura ƙarfe sai ya wanke shi da fetur, wannan ko karen mota ya sani. Ya yanko gindin jarka, ya tsiyayo fetur daga wani babur da aka bar masa gyara, ya tsinto duk abin da ya yi masa kama da kayan inji ya zuba a ciki. Ya ce a bar su su jiƙa, dattin Turai ya fita, ya tafi wajen sana'arsa. Da ya dawo ya sa hannu, sai ya ji abu ya bi yatsunsa. Kayan injin sun narke sun haɗe sun zama curi ɗaya mai yauƙi kamar ƙullun ɗanwake. Ya daɗe yana kallon abin, Zaituna tana kallonsa. Can ya yi gyaran murya ya ce ai ga shi nan, inji ya haɗa kansa, ya rage masa aiki. Ya mulmula shi ya shanya, ya ce dama inji a rufe yake zama, ba mai leƙa shi sai ɗan sa-ido.

Gam ɗin da ya zo a kwalin kuwa bai yi masa ba. Ya ce gam ɗin masu sanyin jiki ne, sai ka riƙe abu ka yi ta jira kamar mai zawarci. Ya sayo sufa gulu, irin wanda ake liƙe takalmi da shi, ya shiga tsiyayawa ba ƙaƙƙautawa. Ya manna gilashin gaba, kafin ya gama yabon kansa gilashin ya yi fari fat, ko hasken rana ba ya ratsa shi. Ya ce wannan shi ne tintak, gilashin da ba a hango na ciki, manyan mutane ma kuɗi suke biya a yi musu. Ƙofa ɗaya ta manne a juye, ya ce direban kirki ta taga yake shiga. Sannan ya ɗauko wata 'yar taya zai sa, aka kira sallar azahar, ya miƙe zai ajiye ta, taya ta ce ba inda za ta. Ta kama kan ɗan yatsansa manuni ta zauna daram.

Ya ja, ya murɗa, ya sa haƙori, ko gezau. Haka ya tafi masallaci da hannu a cikin aljihu. Amma salla ba a yin ta da hannu a aljihu. Da aka zauna tahiya ya ɗaga yatsa, sai ga taya baƙa tana sama tana ƙasa. Na damansa ya runtse ido yana haɗiye dariya, na hagunsa kafaɗarsa ta kama rawa. Da aka sallame, mutane suka yi layin gaisawa da shi, har waɗanda ba sa ga maciji da shi. Liman ya ja shi gefe ya tambaye shi a hankali ko ruwan alwala ya shiga ƙarƙashin tayar. Wani tsoho kuma da ke neman takalminsa ya ce, "Injiniya, an fara daga yatsa ke nan. Yaushe za ka gama zama tirelar gaba ɗaya?" Sai da aka haɗa da reza da man gyaɗa kafin ta fita, ta tafi da fatar wurin.

Mai hankali da nan zai tsaya. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma Munzali ya daɗe da sa nasa a wuya. Ya ɗaga dogayen sandunan da bodi ke zama a kansu ya lanƙwasa su da yatsa, ya girgiza kai. Ya ce wannan ita ce matsalar Bature, yana ƙera mota kamar a kan katifa za ta yi tafiya. Babu motar da ta taɓa sauka daga Turai ta hau hanyar Kurmi ba a ƙara mata ƙarfe da sifirin ba, kuma ba za a fara daga ta Alhaji ba. Ya yanko gwangwanin madara ya yi mata sifirin, ya naɗe komai a tsumma ya nufi wurin Saminu mai walda. Saminu ya ɗaga baƙin gilashinsa ya duba, ya tambaya ko da gaske yake. Da ya ga da gaske ne, ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi ƙarfe yake haɗawa, ya kai wa masu liƙin bokiti.

Munzali ya ce dama ya san hassada ba za ta bar Saminu ya yi ba. Amma maganar liƙin bokiti ta zauna masa. Ya taɓa ganin yadda suke yi, ƙarfe suke sawa a wuta su goga. Da safe ya fito da kayansa wurin Iya Kande, ya roƙi aron gefen murhu, ya tura ƙusa cikin garwashi. Kan motar, wanda shi kaɗai ne ya ɗan yi kama da abin da ke jikin kwali, ya dasa shi a kan dutsen murhu don kada kaza ta kai gare shi. Masu sayen ƙosai suka zagaye shi, shi kuwa da ya ga jama'a sai baki ya buɗe. Ya shiga yi musu bayanin yadda ake ɗaure giya, da yadda wani Bature ya taɓa roƙonsa ya bi shi ƙasarsu ya ƙi saboda ba su da fura. Iya Kande tana juya ƙosai ta ce, "Ɗan nan."

"Iya, bari in ƙarasa."

"Ɗan nan, motarka fa gyangyaɗi take yi."

Ya waiwaya. Kan motar ya saki ta ɓangaren direba, rufin ya lotsa ya kwanto a kan kujera, ƙofar ta tattare. Ya fizge shi da hannu, ya ƙone, ya yar a ƙasa, ya sake ɗauka, ya bar shaidar babban yatsansa a goshin motar. Iya Kande ta ce ya matsa mata da warin roba kada ya kore mata ciniki, ta ƙara da cewa jikokinta da karan dawa suke yin mota, kuma tasu har tafiya take yi.

Saura fenti, wanda a cewarsa shi ke rufe asirin kowace mota. Ya samo ragowar jan fentin mota a wurin masu yi wa mota kwaskwarima, ya sirka shi da tina mai tsinka fenti sosai, ya ɗauko burushin goge takalmi ya lafta. Da farko ta yi sheƙi har ya kira Zaituna ta zo ta ga aiki. Kafin ta fito daga ɗaki fentin ya fara cin robar, jikin motar ya yamutse ya yi ƙuraje kamar fatar gauta da ta kwana biyu a rana. Ya ce rashin bushewa ne, ya hau tsani ya ɗora ta a kan kwanon ɗaki. Bazara ce kuwa, irin wadda ko ƙadangare sai ya ɗaga ƙafa a kan kwano. Da yamma ya sauko da ita, bodin ya lanƙwashe kamar baka, tayoyin tsakiya sun daina taɓa ƙasa.

A nan ne tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya zauna a bakin tabarma da abin a gabansa, ya tuna rumfa, ya tuna muryar Alhaji. Zaituna, duk da bakinta, tausayinsa ya kama ta. Ta zauna kusa da shi ta ce ya ɗauki abin nan tun kafin ranar taro ya kai wa dattijon a gida, ya ce ya gwada ta fi ƙarfinsa. Ta ce Alhaji ya ga duniya, ba zai kashe shi a kan roba ba. Munzali har ya miƙe ya ɗauki hularsa da niyyar tafiya. Yana fita ƙofar gida wani mai wucewa ya ɗaga masa hannu ya ce, "Injiniya, yaya kwangila?" Shi ke nan. Ƙirji ya sake buɗewa, ya ce saura ƙiris, kuma Turawan da suka yi ta ma in sun gani ba za su gane ta ba. Maimakon gidan Alhaji, sai ya zarce ya gayyato maroƙi.

Ranar taro gareji ya cika. An shimfiɗa tabarmi a inuwar tireloli, direbobi da dillalan shanu da masu kayan gyara duk sun hallara, Suhaibu yana zaune kusa da mahaifinsa da kwalin nan a gabansa. Ana cikin cin shinkafa aka jiyo maroƙi tun daga bakin titi yana kirari, wai ga gwanin gwanaye, mai ɗaure ƙarfe ya kwana a ɗaure, wanda Bature ya gani ya cire hula. Sai ga Munzali cikin babbar riga, ɗauke da farantin tangaran da aka lulluɓe da mayafin Zaituna. Da zai wuce ta gaban rumfar sai da ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya ce wa wani yaro ya daina jingina da ginshiƙinta.

Ya ajiye faranti a tsakiya ya yi jawabi. Ya ce motar ta zo da kurakurai da dama daga kamfani, amma ya gyara. Ya ce ya ƙara mata ƙarfi, ya yi mata aikin da zai dace da hanyoyinmu. Sannan ya yaye mayafi.

Maroƙi ya buɗe baki zai ɗora, ya duba farantin, ya rufe bakinsa. Wuri ya yi tsit. Suhaibu ya dubi hoton kwali, ya dubi faranti, ya sake duban kwali. Munzali ya ga shirun ya yi yawa, ya ce ai ba a sanin mota sai an yi mata lodi. Ya ɗebo goro daga kwanon da ke gaban baƙi ya jera a bodin. Na farko ya zauna, na biyu ya zauna. Yana ɗora wani ƙato sai aka ji ƙas, sifirin gwangwani ya yi tsalle, tayoyin baya suka watse kowace ta kama gabanta. Ɗaya ta gangara har gaban Chiemeka, ya tare ta da ƙafa ya ce ko a ajiye masa a shago, wataƙila a samu mai nema. Dariya ta ɓarke, wani direba har da ƙwarewa da shinkafa.

Alhaji Kalilu ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya ce a miƙo masa. Suhaibu ya so ya hana, ya ce Baba a bari zai aiko da wata, amma dattijon ya sake miƙa hannu. Aka ɗora masa ita a cinya. Ya fara shafawa daga baya, ya bi lanƙwasar bodin a hankali, ya taɓa inda tayoyi suka fita, ya shafa fatar da ta yamutse. Da yatsunsa suka iso kan motar sai suka tsaya. Ya bi rufin da ya kwanto a kan kujerar direba, ya zura ɗan yatsa ta taga ya laluba inda sitiyari ya kamata ya kasance. Ya tambayi Suhaibu wane launi gilashin yake, aka ce masa fari fat.

"Haka ta koma," in ji Alhaji, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kai ya lotsa ta wajena. Gilashi ya yi fari. Fenti ya tattare saboda wuta. Sitiyari ma ba a gan shi ba. Haka na bar ta a ramin nan. Wa ya gaya maka, Munzali?"

Duk wanda ke wurin ya sunkuyar da kai. Tsofaffin direbobi da suka je ɗauko shi a wancan lokaci suka kau da fuska. Mutum ɗaya ne kawai bai gane abin da ke faruwa ba. Shi abin da kunnensa ya jiyo masa, an ce aikinsa ya yi daidai da ta gaske. Ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama, ya gyara wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, ai shi ya sa ake ce mana injiniyoyi. Bincike na yi. Haɗa ta sabuwa ai kowane yaro zai iya. Ni da gangan na yi ta haka, komai a inda yake."

Zaituna ba ta wurin, amma da labari ya je mata sai da ta ɗora hannu a ka.

Alhaji ya goge idonsa da bakin rawani. Ya ce, "Da gangan."

"Da gangan, ranka ya daɗe."

"To. Da ka ce ta fi ƙarfinka, da na ce roba ce, Allah ya kawo wata, in ba ka rumfa ka ci gaba da facinka a inuwa. Ni ranar da na sayo ta na roƙa, ka kawo mini ranar da ta mutu." Ya juya wajen direbobin ya ce, "Ga makanike nan. Abin da ya yi wa wannan, da saninsa ya yi. Wa zai fara ba shi tasa?"

Sai ƙarar makullai da aka ji, kowane direba yana ɗauke nasa daga kan tabarma yana turawa aljihu. Maroƙi ya sulale ya koma bayan Suhaibu ya fara sabon kirari. Munzali ya buɗe baki zai ce ba haka yake nufi ba, sai ya ga in ya faɗi gaskiya dole "ban iya ba" ta fito, ya rufe. Ya ɗauki mayafi da faranti ya ƙetara titi, babbar riga tana jan ƙasa.

Rumfa dai wani makanike daga Mai'aduwa aka ba. Direbobi suka roƙi Alhaji ya bar musu motar, suka ɗaure ta da waya suka rataye a bakin rumfar, duk sabon direban da zai fara hanyar Kurmi sai an kawo shi an nuna masa. Bayan kwana biyu Zaituna tana shara ta tsinci sitiyari a bayan akurki, ta wanke ta aika masa wurin aiki a ƙulle cikin ganye, da saƙon cewa kaza ta gama nata aikin.

Har yanzu in ka tsaya faci a hanyar Kongolam, Munzali zai nuna maka tsallake da ƙarfen taya, ya ce ka ga waccan da ke rataye, aikinsa ne, daga garuruwa ake zuwa kallo. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Motar tana can cikin inuwa tana lilo, shi kuwa yana nan yana jan bencinsa yana bin darbejiya.